Kayan Sabon Doki: Abin da Za a Fara Saya da Inda Ake Samunsa



An shirya wannan jawabi ne domin mutumin da Allah ya hore wa halin sayen doki, ko ya riga ya saya ko kuwa yana niyya, musamman mazaunin Suleja da garuruwan da ke kewaye da ita a Jihar Neja. Mutanen sauran jihohi su ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba, gama bukatun doki ɗaya ne ko'ina, sai dai yanayin ƙasa yakan ƙara wani abu a kai.

Tambayar da sabon mai doki yakan fara yi ita ce, ina ake samun sirdi mai kyau. Tambaya ce mai ma'ana, za a kuwa amsa ta a gaba, amma ba ita ce ta kamata ta zo da fari ba. Doki yana iya yin wata guda cur a barga ba a ɗaura masa sirdi ba, babu abin da zai same shi, illa ma ya huta daga wahalar hanya. Amma in ya kwana a turken da ruwan sama ke dukansa, ko ya ci harawar da ta yi fumfuna, ko aka wanke shi da maganin kaskar shanu, to, ana iya wayar gari da asara. Sau da yawa akan ga mutum ya ƙarar da kuɗinsa duka a kan dokin da kayan adonsa, sa'an nan ranar da dabbar ta iso gida a shiga aron bokiti wurin maƙwabta. Saboda haka za a bi kayan nan bisa ga yadda doki yake bukatarsu. Wanda ya bi wannan tsari zai ga cewa abubuwan gaggawa duk suna nan kusa da shi, abin da ke bukatar doguwar tafiya kuwa yana iya jira.

Hawan doki ba baƙon abu ba ne a Suleja, gama sarautar garin daga Zazzau ta fito. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar birnin Zariya da jama'arsa, ya yiwo kudu wajen Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar Ja ya kafa gari a 1828, aka sa masa suna Abuja. Da aka zaɓi wannan suna domin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen Makau sun zo da sarautunsu, su Madawaki da Galadima, sun zo kuma da al'adar barga da hawan Salla. Abin da ba su iya ɗaukowa ba shi ne ƙasar kanta. Suleja ta fi ƙasar Kano da Katsina ruwa nesa ba kusa ba. Damina takan kama tun wajen Afrilu, ba ta sakewa sai Oktoba. Ga duwatsu, ga kurmi a bakin koguna irin su Iku da Gurara, inda ƙudan tsando yake samun maɓoya. Dawakin da ake hawa a nan kuwa galibi daga arewa ake kawo su, daga manyan kasuwannin dabbobi irin na Maigatari a Jihar Jigawa, da Mai'aduwa a Jihar Katsina, da Illela a Jihar Sakkwato, ƙasar rairayi da busasshiyar iska. Dokin da ya tashi can, in ya zo nan baƙo ne, daminarsa ta fari kuwa ita ce jarrabawarsa.

Aiki na farko, tun kafin a ɗauko dokin, shi ne wurin kwanansa. A arewa turke a inuwar itace yakan wadatar yawancin shekara. A nan bai isa ba. Lalle ne a yi rumfa mai rufi a kan tudu, a daɓe ƙasan ya ɗan gangara domin fitsari ya wuce, a zuba yashi ko dusar katako. Faɗin mita uku da rabi kowane gefe ya ishi doki ɗaya ya juya ya kwanta. Kwano da katako da ƙusa duk ana sayar da su a cikin gari. Mai hali ya rufe tagogi da ragar sauro mai ƙananan idanu. Za a faɗi dalili in an zo kan magunguna.

Daga nan sai ƙananan kaya, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai an rasa su: ragama, da igiya, da bokiti biyu, da komin abinci, da burushi mai tauri, da tsintsiya da shebur na kwashe kashi. Waɗannan akwai su a babbar kasuwar Suleja, wadda aka sa wa sunan Janar Ibrahim Babangida, da kasuwar Madalla a kan hanyar Zuba. Ragama takan biyo dokin daga hannun mai sayarwa, amma kada a dogara da ita, domin ba mai ba da sabuwar ragamarsa kyauta. Game da igiya akwai abin lura. Ta roba ta cika kasuwa, tana da araha, ba ta ruɓewa da ruwa, amma in doki ya fizga takan ƙone fata kamar wuta, ta bar miki a bayan ƙafa wanda yake daɗewa bai warke ba. Igiyar rama ko ta auduga mai kauri ta fi, ko da za a riƙa sake ta. Bokiti kuwa a sayi sabo. Kada a yi dabarar yanka jarkar da aka taɓa zuba maganin ciyawa ko baƙin mai a ciki, ko da an wanke ta sau goma. Doki yana shan ruwa lita 25 zuwa 40 a yini, a bazara ma ya ɗara haka, watau kamar jarka biyu irin ta 'yan garuwa. Gidan da yake sayen ruwa ya sa wannan cikin lissafi tun yanzu.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a baki na sakace kofato, wanda kowane maƙeri zai ƙera daga guntun rodi nan da nan. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma a ƙasar duwatsu da laka ba a yi sai da shi. Tsakuwa takan maƙale a ƙasan kofato ta sa ɗingishi, laka da kashi kuwa in suka daɗe a ciki sai wurin ya ruɓe, ya yi baƙi yana wari. Datse kofaton kansa, duk bayan mako shida zuwa takwas, aikin gwani ne. A tambaya a bargar masu sarauta, sun san mai yi musu.

Abinci shi ne babban kuɗin riƙon doki, shi ne kuma wanda ba ya ƙarewa. Doki yakan ci busasshen abinci kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa kowace rana. Matsakaicin doki mai nauyin kilo 300 zuwa 350 yana bukatar kilo 6 zuwa 7 ke nan, mafi yawansa kuwa ciyawa da harawa ya kamata ya zama. Hatsi da dusa ƙari ne gwargwadon aikin da yake yi. Wanda ya ninka wannan sau talatin zai san abin da wata guda zai ci masa. Harawar wake da ta gyaɗa ana samunsu wurin manoma da kasuwannin ƙauye, da kuma kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, bayan an wuce Zuba. Lokacin sayenta kaka ne, Nuwamba da Disamba, sa'ad da take da araha, ganyenta kuma bai kakkaɓe ba. Wanda ya jira sai bazara zai saya da tsada, ya kuma sami kara. A kwance dami a duba cikinsa kafin a biya. Harawa mai kyau kore-kore ce, tana ƙamshi. Wadda ta yi baƙi-baƙi, ko take tashin farar ƙura in an girgiza ta, ta sha ruwa ke nan, a bar wa mai ita. A gida kuma a ɗora ta a kan katako ƙarƙashin rufi. Ajiyar harawa a kan soro ko reshen itace, yadda ake yi a ƙasar Kano, ba ta kai ko'ina a garin da ruwa ke sauka tun Afrilu.

Gero da dawa da dusa akwai su a kowace kasuwar hatsi. Sai dai mai saye ya tambayi wanda ya sayar masa da dokin abin da yake ci, sau nawa, mudu nawa, ya fara da wannan daidai. In zai sauya, ya yi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma. Dalili kuwa shi ne cikin doki ba irin na saniya ba ne. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya tuƙa, ba ya kuma iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Hatsi mai yawa a lokaci guda, ko ɗanyar ciyawar farkon damina ga dokin da ya saba da busasshiya, yana kawo ciwon cikin nan da ke sa doki birgima, wanda yakan kashe cikin yini ɗaya. A raba hatsi kashi biyu ko uku, a ba da ruwa kafin hatsi. Gishiri da 'yar kanwa su ma a tanada, amma kanwa da awo.

Gargaɗi ɗaya ya wajaba a nan, tun da yake shagunan abincin kaji sun yawaita a Suleja. Kada a kuskura a ba doki abincin kaji, ko a zuba masa hatsi a buhun da aka juye shi. Akan haɗa wani magani mai suna monensin a cikin wasu nau'o'in abincin kaji domin tsare su daga ciwon hanji. Ga kaza magani ne, ga doki kuwa dafi ne mai lalata zuciya, kaɗan ya isa.

Wannan ya kawo maganar magunguna, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Yawancin abin da ke kan kantar shagon maganin dabbobi domin shanu da awaki da kaji aka kawo shi, yaron shago kuwa ba likita ba ne. Ƙa'ida ita ce a fara ganin likitan dabbobi, sa'an nan a je shago da takarda a hannu. Akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi na Gwamnatin Jihar Neja, akwai kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, wanda ba shi da nisa. A cikin makon farko a kira likita ya duba sabon dokin, ya ɗebi jininsa, ya ba shi maganin tsutsar ciki bisa ga nauyinsa, ya yi masa allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki wanda ke shiga ta rauni, dawaki kuwa suna da saurin kamuwa da shi ƙwarai. In akwai wasu dawaki a gidan, a ware baƙon mako biyu zuwa uku kafin a haɗa su.

Kaska tana da yawa a nan da damina, cikin magungunanta da makiyaya suke saye kuwa akwai mai ɗauke da amitraz. Yana yi wa shanu aiki sosai. Doki kuwa in aka wanke shi da shi, hanjinsa yakan tsaya cik, ya kasa kashi, wani lokaci ya mutu. A karanta jikin kwalba. In an ga wannan suna, ba na doki ba ne. Haka nan allurar sammore da ake yi wa shanu, ba a yi wa doki ita da ka. Sammore, wanda tsando ke kawowa, yakan nuna kansa da rama duk da cin abinci, da kasala, da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da kumburi a ƙarƙashin ciki. Amma wasu cututtukan ma haka suke farawa, gwajin jini ne yake rarrabewa, wasu magungunan sammore kuma suna da haɗari ga doki in awo ya wuce. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna, da babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924. Abin da ke hannun mai doki shi ne kada ya kai shi kiwo ko wanka a kurmin bakin kogi.

Akwai kuma annobar dawaki, wadda wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba suke yaɗawa da magariba da asuba, musamman da damina. Tana kumbura kai da wuya, ta cika huhu da ruwa, ba ta kuwa da magani in ta kama, sai rigakafi. Dalilin ragar da aka ambata ke nan, da shigar da doki rumfa tun kafin faɗuwar rana. A tambayi likita batun allurarta. Abin da ya dace a ajiye a gida bai wuce aidin na wanke rauni, da auduga, da bandeji, da ma'aunin zafin jiki ba. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Kowane magani a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, a guji wanda ya yini a rana a kan tire.

To, yanzu an zo kan sirdi. Doki ya huta, ya ci ya sha, likita ya gan shi, sai a yi shirin tafiya. Akan ci karo da sirdi a Suleja jefi-jefi, a hannun wani mai doki da zai rabu da nasa, amma wanda yake so ya zaɓa ya darje, Zariya ko Kano zai nufa. A birnin Zariya sana'ar ta daɗe har akwai unguwa mai suna Unguwar Sirdi. A Kano kuwa akwai kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, inda masu kayan doki suke da sashensu. Zariya ta fi kusa, Kano ta fi yawan zaɓi. Kowacce za a je, lokacin da ya fi muni shi ne gab da Salla, sa'ad da mahaya daga kowace masarauta suke rububi, farashi ya hau, masu ɗinki kuma suna aiki da gaggawa. Bayan Babbar Salla da 'yan makonni kasuwa takan kwanta, mai sana'a ya sami sukunin sauraron mai saye.

Sirdi ba kamar riga ba ne, da in ta yi yawa sai a naɗe hannu. Cikinsa itace ne da aka sassaƙa aka rufe da fata, ba ya miƙewa, ba ya tsukewa, dawaki kuwa bayansu ba ɗaya ba ne. In ya yi faɗi sai ya zauna a kan doron doki, watau tudun ƙashin nan da ke tsakanin wuya da gadon baya, ya goge shi har ya zama gyambo. In ya yi ƙunci sai ya matse gefe biyu. Gyambon sirdi yana hana hawa wata da watanni, ga ƙuda da damina, in ya warke ma farin gashi yakan fito a wurin, tabon da kowane dillali ya san ma'anarsa ranar sayarwa. Tun da ba za a ɗauki doki a kai shi Kurmi ba, sai a kai awonsa. A sami waya mai lanƙwasuwa kamar kamu guda, a ɗora ta a kan doronsa, yatsa biyu ko uku bayan ƙashin kafaɗa, a lanƙwasa ta ta bi jikinsa ta kowane gefe, a ɗauke a hankali, a zana siffarta a kan kwali a yanke. Wannan kwali, in aka cusa shi ƙarƙashin gaban sirdi a kasuwa, zai nuna ko ya dace. A auna kewayen ƙirjinsa da igiya domin majayi, a ƙulla alama. A sa ɗan sanda mai santsi a bakinsa, a wurin nan da babu haƙora, a yi alama a gefen leɓe biyu domin linzami. Awo uku ke nan, duk za su shiga jaka ɗaya.

A wurin saye a kifa sirdin a duba cikinsa kafin a dubi adonsa. A dafa gabansa da bayansa a matsa. In ya yi ƙara ko ya motsa, itacen ya tsage, ko kyauta aka bayar ba shi da amfani. A shafa hannu a ƙasansa a ji ko akwai kan ƙusa ko ƙulli. Tsohon sirdi mai lafiyayyen itace ya fi sabon da aka haɗa da gaggawa, sau da yawa ma ya fi araha. A yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida, cewa in bai zauna wa dokin ba za a dawo da shi a musanya. Mai sana'ar da ya amince da aikinsa ba ya ƙin wannan. Tare da sirdi za a sayi zubka, watau shimfiɗar nan mai kauri da ke shiga tsakaninsa da bayan doki, gara ma biyu, domin ɗaya ta bushe yayin da ake aiki da ɗaya. Amma zubka ba ta gyara sirdin da bai dace ba, kamar yadda safa ba ta gyara takalmin da ya matse.

Majayi da igiyoyin likkafa, a kansu ran mahayi yake rataye. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ba ta da na biyu wajen taushi da karɓar rini, amma ta ado ce. Abin da zai ɗauki nauyi ƙirgi ake so, mai kauri. A lanƙwasa shi sosai. In fuskarsa ta tsattsage, ya bushe ya mutu. A ja ɗinkin da ƙarfi a gani.

In an dawo gida a ɗaura sirdin, mahayi ya hau, a sa yatsu tsakanin gaban sirdi da doron doki. Lalle yatsa biyu ko uku su shiga. A yi 'yar tafiya har ya yi gumi, a sauke a duba. Gumi ya kamata ya jiƙa wurin bai ɗaya. In an ga wani ɗan fili a bushe a tsakiyar jiƙaƙƙen wuri, nan ne sirdi yake danna, nan ne gyambo zai fito. Wanda hawansa na motsa jiki ne yana iya neman sirdin Turawa na hannu wurin masu wasan ƙwallon dawaki a Abuja ko Kaduna. Ya fi sauƙin nauyi, amma shi ma awon nan ya shafe shi.

Linzami aikin maƙera ne, ana samunsa a wuri ɗaya da sirdi. Na gargajiya yana da zobe da ke kewaye haɓar doki, da wani harshen ƙarfe da ke tashi ya taɓa ganɗa in an ja. Da shi ne mahayi yake tsai da ingarma cak a gaban Sarki lokacin jafi, abin sha'awa ne ƙwarai a hannun gwani. A hannun ɗan koyo kuwa wuƙa ce. Jinin da akan gani a bakin dawaki bayan hawa alamar mugun linzami ne ko mugun hannu, dokin da aka yanka wa harshe kuwa yakan ƙi abinci, ya koyi tirjiya. Domin hawan yau da kullum, linzami marar zobe mai gaɓa a tsakiya ya wadatar. Kowanne aka zaɓa, a gwada faɗinsa da sandan awo, ya ɗara da kamar rabin santimita kowane gefe, a shafa shi da yatsa, duk inda ya yi kaifi a sa maƙeri ya goge da magagari. Likkafa kuma ta fi takalmin mahayi faɗi, domin in ya faɗi ƙafarsa ta zare. Masu son ta tagulla, ga Bida nan cikin jihar, ta hanyar Lambata da Lapai da Agaie, maƙeranta kuwa sun daɗe da yin suna a wannan aiki. Ƙaimi dai sabon mahayi ba shi da bukatarsa.

Yanzu an shiga zamanin ciniki ta waya, a aiko hoto ta WhatsApp, a biya ta banki, a sa kaya a mota. Ga jalala babu laifi in an san mutumin, amma hoto ba ya nuna tsagaggen itacen sirdi. In tafiya ta gagara, a aika da kwalin awo ta hannun wanda ya san doki, a biya shi ladansa.

Saura kayan ado, su jalala da bishiri da tunjimi da layu, har zuwa lifidi. Su ne suka ƙawata babban hawan da aka yi a Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila, da na bikin FESTAC a 1977, ba kuwa mai cewa a raina su, gama abincin dukawa da masu ɗinki da yawa yana nan. Amma kwanakin da ake sa su a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sabon mai doki yana iya yin Sallarsa ta fari da na aro, tun da yake mahayi a tawagar wani mai sarauta yake fita, irin waɗannan gidaje kuwa ba su cika rasa ragowar kaya ba. A haka zai gane irin shigar da tawagarsu take yi da abin da ya dace da matsayinsa, kada ya kashe kuɗi a kan abin da za a ce masa ba na irinsa ba ne. Sa'an nan ya riƙa tara nasa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na ƙarshe da za a saya yana cikin mafi araha, watau man kaɗe, wanda Jihar Neja take da shi a wadace. Fatar da aka jeme a Kano ba ta saba da laimar Suleja ba. Mako guda a rufaffen ɗaki cikin Agusta ya isa ta yi farin fumfuna, ɗinki ya fara ruɓewa. Bayan kowane hawa a goge gumi da laka da tsumma, a bar kaya su sha iska a inuwa, ba a rana ko bakin wuta ba, a shafa man kaɗan-kaɗan sau ɗaya ko biyu a wata. A wanke linzami da ruwa a tsane shi. Sirdi kada ya kwana a ƙasa. A kafa katako a bango a ɗora shi yadda yake zama a bayan doki, inda ɓera ba ya kaiwa, gama ɓera yana son gishirin gumin da ke jikin majayi.